Ma'aikatana sun daina magana, kuma shirun ya fara ba ni tsoro

Shugabar Sashe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Ba a daɗe da ɗora ni a kan wani sashe na gidan kula da tsofaffi ba. Yawancin mutanenmu masu ciwon mantuwa ne, sai waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Hukumar gidan ta ce in fito da tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata, ta ware min awa ɗaya a kowane wata. Tun kafin zuwana akwai lambar wayar wata mai ba da shawara liƙe a bango, amma ita da bakinta ta ce min ba mai kiran ta. A taro in na ce akwai mai matsala, kowa sai ya sunkuyar da kai, "ba komai, Sista." Alhali ina gani da idona hutun rashin lafiya yana ƙaruwa, waɗanda na sani da fara'a yanzu gaisuwa ma da ƙyar, ɗaya daga cikin ƙwararrunmu ta ajiye aiki ba ta faɗi dalili ba. Me zan yi da awa ɗayan nan?

Ɗan Ƙwadago:
Wa alaikumus salam, Sista. Kafin a yi nisa, mutum nawa ma'aikaciya ɗaya ke riƙewa a dutin dare? Kuma yaushe rabon da su samu hutun tsakiyar aiki cikakke, ba wanda ya ƙwala musu kira? Ɗaki na yoyo, an raba muku tsumman goge ƙasa, shi ne awa ɗayan nan.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania sun duba asibitoci 168 a Amurka. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar mutuwar majinyacin tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar nas ɗin ta ƙone da gajiyar aiki kuma na ƙaruwa da kashi 23. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta saka wannan gajiyar a kundinta na rarrabe cututtuka a 2019, ba ta lissafa ta a matsayin ciwon mutum ba. Cewa ta yi abu ne da wurin aiki ke haifarwa, idan matsin lamba ya daɗe ba a magance shi ba. To me ya sa kullum ma'aikaci ake so a gyara?

Tsohuwar Mataron:
Ku yaran yanzu komai sai an sa masa suna. Mu da muka yi aikin nan har muka yi ritaya, wa ya taɓa tambayar mu ya zuciyarmu take? Ka rufe wa mutum ido, ka wanke hannu, ka wuce gado na gaba. Wanda ba shi da haƙuri ba ya wannan aiki. Kuma shirun da kike gani, 'yata, ba lallai ne matsala ba, wani lokaci ladabi ne.

Shugabar Sashe:
Mama, da ladabi ne da na ji daɗi. Amma mutanen nan suna magana, a ɗakin canza kaya suke yi. Da na shigo sai kowa ta kama ɗaure takalmi.
Malam Ɗan Ƙwadago, ba a ba ni ikon ɗaukar ma'aikata ba. Na rubuta, an ce babu kuɗi bana.

Sabuwar Shiga:
Anti, bari in faɗa miki abin da ke sa irinmu shiru, tunda a nan ba wanda ya san ni. A wurin da nake akwai wani dattijo da ba ya iya motsi, doka ita ce a juya shi duk bayan awa biyu, a sa hannu a takarda. Wata safiya ina canza masa kaya na ga bayansa wajen ƙugu ya yi ja, na danna da yatsa jan bai washe ba. An koya mana cewa wannan farkon gyambon kwanciya ne. Na duba takarda, an sa hannu a kowane layi tun daga ƙarfe goma na dare, da biro ɗaya, rubutu ɗaya a miƙe, irin wanda ake yi a zama guda. Na san wadda ta yi dutin, na kuma san ita kaɗai aka bari a ɓangaren saboda abokiyar aikinta ba ta zo ba.

Na tsaya riƙe da takardar ina lissafi. In na faɗa, ita za a ba takardar tuhuma, ba wanda zai tambayi wanda ya bar ta ita kaɗai. Ni kuma in zama munafukar sashe. Wadda ta yi irin wannan magana kafin ni, sai ga sunanta a dutin dare sati bayan sati, ba wanda ya ce mata hukunci ne amma kowa ya gane. Daga ƙarshe dai na kai maganar jan fatar, ban ambaci takarda ba. Har na koma gida ƙirjina bai daina bugu ba. Irin wannan ne ke hana ni barci, ba nauyin ɗaga mutane ba.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Ƙanwata, na gode da kika rubuta wannan, domin kin kawo mu kan ainihin maganar. Sista, duba abin da ta yi: ba rashin imani ba ne ya sa ta ɓoye rabin gaskiya, lissafi ta yi, kuma bisa abin da ta gani a wurin lissafinta daidai ne.

Akwai wata malama a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson. Tana ɗalibar digiri na uku ta shiga binciken kurakuran ba da magani a sassa takwas na wasu asibitoci biyu. Ta zaci sassan da ke da shugabanci mai kyau da haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka, su ne suka fi yawan kuskuren da aka rubuta. Da aka bi diddigi sai aka gane cewa a sassan nan mutane ba sa tsoron faɗa, a sauran kuwa kuskuren na faruwa ana binne shi. Ta buga wannan a 1996, sannan a 1999 ta faɗaɗa shi da nazarin rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfani. Abin da take aunawa shi ne: shin mutum ya yarda cewa in ya yi tambaya, ko ya ce bai iya ba, ko ya ce an yi kuskure, ba za a wulaƙanta shi ko a rama a kansa ba?

Saboda haka takardar rahoton da babu komai a cikinta ba abin murna ba ce. Kuma abin da ya haɗa wannan da lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne, wanda ba zai iya cewa "an tsallake juya majinyaci" ba, ba zai taɓa iya cewa "na kasa barci, ina jin kamar zan faɗi" ba. Tsoro ɗaya ne ke rufe bakin a duka biyun.

Mai Riƙon Ofis:
Dakta, ni manaja ne, bari in tsaya wa ɓangarenmu tunda na ga an fara jifan mu. Wadda ta sa hannu a kan aikin da ba ta yi ba ƙarya ta rubuta a takardar majinyaci. Gobe iyalan dattijon nan suka kai ƙara, ko masu sa ido suka zo bincike, ni za a tsare. Kana so in kira ta in ce sannu da ƙoƙari? In aka cire tsoron hukunci gaba ɗaya, wallahi sakaci ne zai biyo baya.

Tsohuwar Mataron:
Yauwa, ɗana. Ga wanda ya san aiki.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Malam, ban ce a daina tuhumar kowa ba. Ai Edmondson ma ta sha nanata cewa abin da take nufi ba sassauta ƙa'ida ba ne. Abin da ake so shi ne a rarrabe. Akwai wanda hannunsa ya kuskure, kamar ya ɗauki kwalbar magani mai kama da wata. Akwai wanda ya yanke hanya saboda aikin ba zai yiwu yadda aka tsara shi ba, har yanke hanyar ya zama abin da kowa ke yi. Akwai kuma wanda ya san haɗarin, yana da lokaci da kayan aiki, ya yi ganganci ko mugunta. Na ƙarshen nan a hukunta shi, ba mai jayayya. Amma matar da aka bar wa ɓangare guda ita kaɗai cikin dare, kafin ka rubuta mata takarda sai ka zauna ka lissafa: mutum nawa ke buƙatar juyawa, minti nawa kowanne ke ci, mutum biyu ake buƙata ko ɗaya? In lissafin ya nuna ko wa aka ajiye a wurin ba zai iya ba, to hukunta ta zai koya wa sauran abu ɗaya ne tak, su ƙware wajen canza biro.

Masu jiragen sama sun daɗe da gane wannan. Tun 1976 Amurka ke da tsarin da matuƙi ko ma'aikacin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage zai kai rahoton kuskurensa, kuma hukumar binciken sararin samaniya NASA ce ke karɓa, ba hukumar da ke iya ƙwace masa lasisi ba. Ana cire sunansa kafin a adana bayanin. Da gangan aka raba mai karɓar rahoto da mai hukunci.

Mai Riƙon Ofis:
Na ji. Amma ƙaryar sa hannun fa? Har yanzu tana nan.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Tana nan, kuma dole a gaya mata ba a yarda da ita ba. Tambayata ita ce, da ta bar layukan babu komai ta rubuta "ni kaɗai ce, ban samu juya shi ba daga ƙarfe biyu zuwa shida," me za ka yi mata da safe? In amsar ita ce tuhuma, to kai ka zaɓa mata ƙaryar.

Ɗan Ƙwadago:
Kun ga dai mun dawo inda na fara. Ƙarancin hannu ne. A ƙara mutum ɗaya a dare, babu ƙarya, babu gyambo, babu bugun ƙirji. Ni abin da ke ba ni haushi da irin wannan maganar ta "a saki jiki a yi magana" shi ne, masu gida suna son ta domin ba ta cin kuɗi. A yi ta magana har a gaji, jadawalin na nan yadda yake.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Kwamared, ba na musa maka, kuma in an ce in zaɓi ɗaya, ƙarin hannu zan zaɓa. Sai dai da me za ka je neman ƙarin hannun? Takardun wurin su Sabuwar Shiga suna nuna an juya kowa a kan lokaci, da ma'aikaciya ɗaya. Mai kuɗi zai ɗauko su ya ce ga shi mutum ɗaya ya isa. Shirun ne ke goge maka hujja.

Abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009 ke nan, an rage ma'aikata don a daidaita kasafi, majinyata suka wulaƙanta, waɗanda suka yi ƙorafi ba a saurare su ba, wasu suka tsorata suka ja baki. Rahoton da Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken lamarin, ya fitar a 2013 ya zo da shawarwari 290, kuma bayan wani bitar da ya yi a 2015 aka wajabta wa asibitocin gwamnatin Ingila su naɗa mutum na musamman da ma'aikaci zai iya kai wa damuwarsa ba ta hannun shugabansa ba. Ƙarancin hannu da rufe baki tare suka yi ɓarnar.

Mai Kula A Gida:
Ku dai kuna da taro, kuna da ɗakin canza kaya da za ku yi gulma. Mu da ake turawa gidajen mutane fa? Ni kaɗai nake shiga, ni kaɗai nake fita. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da na daɗe ina kula da ita, kullum sai ta ɓoye zobenta a cikin matashi ko a takalmi, ta manta, ta ce na sace. Na san ciwon ne ke magana. Amma ranar da 'yarta ta ce in buɗe jakata a gabanta, na buɗe, hannuna na rawa, daga baya aka ga zoben a aljihun rigar barcinta, ba wanda ya ce min yi haƙuri. Na kira ofis, aka ce in yi ƙoƙari kada mu rasa gidan.

Wani gidan kuma ɗan mai gidan ne ke tsayawa a ƙofar banɗaki ina yi wa mahaifinsa wanka, yana min maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba. Wa zan faɗa wa? In na ce ba zan koma ba, an rage min awanni.

Abin da ya fi ci min rai, tsohuwar nan da ta rasu, a saƙon waya na gani: "An soke ziyarar gobe." Shi ke nan. Matar da nake yanke wa farce, nake taje wa kai.

Tsohuwar Mataron:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A'a, wannan kam ba daidai ba ne. 'Yata, Allah ya ba ki ladan abin da kika yi mata.

Bari in faɗi wani abu, kada a ce Mama ba ta da tausayi. A zamaninmu ba mu da mai ba da shawara, amma ba a barin yarinya ita kaɗai da gawarta ta farko. Babba ce ke shiga tare da ita, su gyara mamacin tare, tana nuna mata tana yi mata magana a hankali, bayan an gama ta ce je ki zauna, zan riƙe miki gadajenki. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, haka muka tarar. Kuma akwai lokacin yin hakan, domin miƙa aiki tsakanin masu fita da masu shiga a zaune ake yin sa, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Yanzu na ji an ce kowa na gudu ne. Har yanzu ina kan bakana cewa sai da haƙuri, amma mu an taya mu ɗaukar sa.

Kuma in don gaskiya, na ga waɗanda aikin ya busar wa zuciya. Mace ta shigo da taushin hali, bayan shekaru ta koma tana daka wa mai naƙuda tsawa. Mu cewa muke halinta ne ya fito.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Mama, wannan da kika faɗa na ƙarshe yana cikin alamomi uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa: ƙarewar ƙarfi, sannan mutum ya ji zuciyarsa ta janye daga aikin har ya fara ganin mutanen da yake kula da su kamar kaya, sannan ya ji ba ya iya taɓuka komai. Sau da yawa mai tsawar nan ba a banza ta zama haka ba.

'Yar'uwa Mai Kula A Gida, abin da ɗan gidan nan ke yi cin zarafi ne a wurin aiki, ko da wurin aikin ɗakin wani ne. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, ta haɗa har da wuraren da ba na jama'a ba matuƙar a nan ake aikin, ta kuma haɗa da cin zarafin da ya fito daga wanda ba ma'aikaci ba. Ƙasar da ta rattaba hannu ce kawai take ɗaurewa, amma ko ba komai ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka ce, ki aika wa ofis a rubuce, ba ta kiran waya ba.

Ɗan Ƙwadago:
Kuma ki ajiye kwafi a wurinki. Ki nemi sauran da ake turawa gidan, da wuya a ce ke kaɗai ya yi wa.

Shugabar Sashe:
To ga abin da ya zo min. Duk lokacin da aka yi rasuwa ko wani abu mai tayar da hankali, in tara duk waɗanda ke duti a ranar, kowa ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji. Dole, don kada masu kunya su zame.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Sista, cire "dole" ɗin. An gwada wannan sosai, zama guda da ake sa mutane su sake bayyana abin da ya faru dalla-dalla jim kaɗan bayan aukuwarsa. Da aka tattara gwaje-gwajen sai aka ga ba ya hana ciwon firgici na bayan tashin hankali, a wasu ma waɗanda aka yi wa sun fi jin jiki daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin sa. Abin da ta fitar a 2011 ya fi kusa da abin da Mama ta kwatanta: ki duba wa ya girgiza, ki saurare shi in yana son magana ba tare da kin matsa ba, ki biya masa buƙatar da ke gabansa, ko zama ne ko tafiya gida, ki haɗa shi da taimako in ya buƙata. Sai ki sake leƙa shi bayan kwanaki, domin wani sai daga baya abin ke taso masa.

In kina son abin da za ki zuba a awa ɗayan, akwai wani zama da ya samo asali daga Boston, an sa masa sunan Kenneth Schwartz, wani lauya da kansar huhu ta kashe a 1995, wanda kafin rasuwarsa ya yi rubutu a kan yadda ƙananan alherin ma'aikata suka sauƙaƙa masa jinya. Ana yin sa kamar sau ɗaya a wata, awa guda. Mutum biyu ko uku da suka shirya tun kafin ranar su ba da labarin wani majinyaci ta fuskar yadda abin ya taɓa su, sauran su tofa in sun ga dama. Kowa na iya zuwa, har mai shara da mai gadi. Sharaɗinsa shi ne ba a neman mai laifi, ba a kuma warware matsala a wurin. Asibitocin Birtaniya sun fara ɗaukar sa a 2009. Amma yana buƙatar mai jagoranta da aka horar, kuma in babba bai fara buɗe nasa cikin ba, ƙananan ba za su yi ba.

Sabuwar Shiga:
Kuma Anti don Allah kada a sa shi ranar hutun mutum, ko bayan an tashi daga dutin dare. An taɓa kiran mu taron "kula da kai" da safe bayan mun kwana a tsaye. Rabinmu barci muka yi.

Ba Suna:
Ku yi haƙuri zan shigo da tawa. Na daɗe ina karantawa ban taɓa rubutu ba. Kwanakin nan in na iso bakin ƙofar wurin aiki sai in kasa shiga, in tsaya ina kuka, sai na ga lokaci zai ƙure in share fuska. Ba na barci ko ranar hutu. Yarana na min magana ina kallon su kamar daga nesa. Wani lokaci ina tunanin da ban farka ba da kowa ya huta. Ban gaya wa kowa ba. In na je wurin likitan ƙwaƙwalwa aka ji, za a ce na taɓu, a daina ba ni makullin magani, ƙila a sallame ni. Ofishin mai ba da shawarar namu ma yana jikin na manaja ne, duk wanda ya shiga an gan shi.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
'Yar'uwa, kin yi daidai da kika faɗa, kuma na ɗauki maganarki da gaske. Abin da kika kwatanta ya wuce gajiyar aiki. Rashin barci, kuka, jin kin yi nisa da naki, in sun kai sati biyu suna nan kusan kullum, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magani ana warkewa, da zaman tattaunawa da ƙwararre ko da ƙwayar magani ko duka biyun. Tunanin nan na cewa gara ba ki farka ba shi ne ya sa ba na so ki jira. Ki ga likita a yau ko gobe, ba sai na wurin aikinki ba, kowane likita na iya fara duba ki, kuma sirrinki amana ce a wuyansa. Kafin nan ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da shi ki karanta masa abin da kika rubuta mana. In tunanin ya kai ga kina tsara yadda za ki cutar da kanki, kada ki zauna ke kaɗai, ki tafi sashen gaggawa ko ki kira layin agajin gaggawa na inda kike, kuma ki nisanta kanki da magunguna, na gida da na aiki. Na buɗe akwatin saƙona, ki rubuto min.

Tsohuwar Mataron:
'Yata, ba ki taɓu ba. Ki ji maganar Dakta. Yaranki ba za su huta da rashinki ba, kada ki sake yarda da wannan tunanin. Ki dawo nan ki gaya mana kin je.

Ba Suna:
Na gode Mama. Na rubuta wa Dakta. Yayata za ta raka ni da safe.

Mai Riƙon Ofis:
Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Maganar ofis a jikin na manaja ta sa na tashi na leƙa namu. Haka yake. Za a iya mayar da shi ganawa ta waya ko a wani wuri daban, wannan ba ya buƙatar kasafi. Amma Dakta, ka san mu manajoji ba wanda ya koya mana abin da za mu ce in ma'aikaci ya zo da irin wannan. Yawancinmu daga ƙwarewa a aikin jinya aka ɗaga mu zuwa kujera.

Dakta Mai Nazarin Halayya:
Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumban 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, horar da manajoji ya shigo a karon farko. Ba don ku zama likitoci ba, don ku gane alama, ku iya saurare, ku san inda za ku tura mutum, ku kuma gyara abin da ke hannunku kamar jadawali da rabon aiki. Ƙiyasin da suka bayar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya shi ne ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Wannan adadin ka kai wa masu cewa babu kuɗi.

Ɗan Ƙwadago:
Tunda an ambaci jadawali, Sista, ga abin da ke hannunki ko ba a ba ki ko mutum ɗaya ba. Ki ɗauko na wata uku da suka wuce ki ƙirga sau nawa wani ya tashi da dare ya dawo da sassafe. A Tarayyar Turai doka ta ce a samu hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, ki ɗauki wannan a matsayin ma'auni ko da ba ta shafe ku ba. Ki duba ko akwai sunayen da dutin dare da ranakun ƙarshen mako ke yawan faɗawa a kansu. Sannan ki ajiye takarda da ba a sa suna, duk wadda ba ta samu hutun tsakiyar aiki ba ta yi alama, duk aikin da aka kasa yi saboda rashin hannu a rubuta shi. Bayan wata biyu ki ɗauka ki hau sama da ita.

Shugabar Sashe:
Zan iya wannan. Abin da nake tsoro shi ne su rubuta gaskiya, in kai sama, a juyo a ce a kawo sunayen waɗanda suka bar aiki ba a yi ba.

Mai Riƙon Ofis:
Za a iya tambaya, na san halinmu. Kafin ki fara, ki samu wanda ke samanki ya amince a rubuce cewa takardar ta auna yawan aiki ce, ba za a yi tuhuma da ita ba. In ya ƙi sa hannu, kada ki sa yaran mutane su rubuta komai. Ki tsaya a kan ƙirgen jadawalin, shi ba ya buƙatar bakin kowa.

Sabuwar Shiga:
Kuma Anti, ranar da ta farko ta zo miki da magana, sauran duk suna kallo, ko ba sa ɗakin. Su ga ko sunanta zai koma dutin dare.

Ɗan Ƙwadago:
Har yanzu ba ki ba ni amsa ba fa, Sista. Mutum nawa a dare?

Shugabar Sashe:
Ma'aikata biyu ne a takarda, Malam. In ɗaya ba ta zo ba, ba a kawo madadi. Zan duba sau nawa hakan ta faru in haɗa da ƙirgen.